Bak ɗin Zaliha Kalla

A Tamaske akwai Zaliha da yawa, amma in baƙo ya ce Zaliha Bak yake nema, kowace mai tallar albasa za ta nuna masa gidan, can gabas da gari inda hanyar tudu ta fara hawa. Sunan ya liƙe mata shekara bakwai kafin ta samu bak ɗin, wato takardar da ake ba wanda ya ci jarabawar ƙarshe ta lise, babbar sakandare, wadda sai da ita ake shiga jami'a. Da farko ba'a ce ake yi mata. Daga baya ya zama suna kawai, har masu kiran ta da shi suka manta inda ya samo asali.

Ubanta Kalla manomin gero ne da dawa. In an gama girbi sai ya bi ƴan uwansa zuwa Abijan, ya yi rani yana yawo da tiren turare da agogo, ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Shekarar da aka zo rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, an ce wa maigari lalle a samu ƴan mata cikin lissafin, gidan Kalla kuwa ba namiji, sai aka rubuta Zaliha. Uwarta ta yi kuka kwana biyu. Kalla kuwa ya saya mata allo da alli a kasuwar Lahadi.

Ashe yarinyar kanta na ja, musamman wajen lissafi. A 1973 ta ci jarabawar shiga kolej, ƙaramar sakandare, aka kai ta Madawa. Shekarar fari ce, kuma ita ce ta fara nuna mata cewa lakwal ta raba ta da gida: a can tana cin tuwo sau biyu a rana, a Tamaske kuwa innarta na dafa ganyen jiga da ɗan tsaki. In ta zo hutu sai ta riƙa cewa ta ƙoshi, ta ture ƙwaryar gaban ƙannenta tagwaye, Hasana da Husaina, waɗanda lokacin ko yaye su ba a yi ba.

Da ta samu birbe, takardar gama kolej, a 1977, hanya ta rabu mata biyu. A wancan zamani mai birbe ba ya rasa aiki. Wata ƙawarta ta shiga makarantar koyon malanta, bayan shekara biyu ta fito ana kiran ta madan, wato malama, da albashinta da ɗakinta na gwamnati. Abin da Kalla ya so ke nan, ya kuma faɗa mata a fili cewa ƙafafunsa sun fara gajiya da titunan Abijan. Amma malamin lissafinta ya zo har gida bisa babur, ya zauna kan tabarma, ya ce wa Kalla irin wannan kai ba a tsayar da shi a rabin hanya, in ta yi shekara uku a lise ta samu bak, za ta shiga jami'a ta fito injiniya. Kalla ya tambayi Zaliha abin da take so. Ta ce lise. Ya ce to, Allah ya sa albarka.

A lise ta Tawa su uku ne mata cikin aji mai mutum arba'in. Ba ta taɓa sauka ƙasa da ta biyar ba. Ta kai ajin ƙarshe, an rubuta sunanta cikin masu zana bak a watan Yuni na 1980, har an ɗauki hotonta an manna a dosiye, fayil ɗin takardunta.

Cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara tsanani, sanƙarau ya faɗa yankinsu na Adar. Wani ɗan garinsu ya same ta bakin ƙofar lise ya ce innarta na kwance, tagwayen ma haka. Ta ɗauki littafi guda da zane biyu, ta ce wa ƴan ɗakinsu mako ɗaya za ta yi.

Ta tarar da marasa lafiya kwance ƙarƙashin itatuwa kewaye da gidan likita, don ɗakuna sun cika, allura kuma ba ta isa kowa ba. Innarta ba ta gane ta ba. Wuyanta ya sanƙare, ta runtse ido saboda haske. Kwana huɗu ta rasu. Husaina ta bi ta bayan kwana biyu. Hasana ta tashi, amma ta tashi kurma, in ta miƙe sai ta yi tangaɗi ta faɗi. Yarinya mai shekara takwas, ta farka ta ga ba uwa, ba ƴar uwar tagwaicinta, ga bakunan mutane na motsi ba ta jin komai. Ta riƙe gefen zanen Zaliha, ko bayan gida Zaliha za ta sai da ita.

Wasiƙa ta daɗe kafin ta kai Abijan. Kalla bai iso ba sai cikin Mayu, ya zauna ƙofar ɗakin matarsa kamar wanda aka zare wa laka. Ƙanwarsa Cima, wata bazawara mai kaifin baki da ke zaune unguwar gaba, ta ce wa Zaliha ta tattara ta koma lakwal, ita za ta riƙe gidan. Zaliha ta yarda, har ta ɗaure kaya. Da suka kai tasha Hasana ta gane abin da ake shiri, ta kwanta cikin ƙasa tana wani irin kuka marar kalma, tana buga kai da tayar mota. Zaliha ta sauke ƙunshinta. Ta ce wa gwaggonta ai wata uku ta rasa na karatu, ko ta je faɗuwa za ta yi, gara ta bari sai baɗi.

A watan Oktoba ta koma Tawa. Aka buɗe babban littafi aka nuna mata an ja layi a kan sunanta, saboda ta wuce wata uku ba ta nan kuma ba takardar likita mai sunanta, tun da ba ita ce ta yi ciwon ba. Mutumin da ya gaya mata bai yi mata tsawa ba. Ya ce doka ce, ya ba ta shawara ta rubuta wa hukuma a Yamai. Ta rubuta sau biyu, amsa ba ta zo ba. Shekara ta zagayo ta shiga gasar neman gurbin malanta da birbenta, sai ta tarar zamani ya juya: kuɗin ƙasa ya ja baya, an rage gurabe, kuma masu bak da suka rasa wurin zuwa su ma sun shigo layin, su aka fara ɗauka. A lokacin ne samarin gari suka soma ce mata Zaliha Bak in ta wuce da tulu.

Ta auri Alƙasim a ƙarshen 1981, da son ranta. Mutum ne marar hayaniya, yana ɗinkin takalma a Legas, kuma ya yarda Hasana ta zauna tare da su. Suka samu ɗiya, Fatsima. A 1983 aka kori baƙi daga Najeriya, Alƙasim ya dawo bisa kamyo, babbar motar kaya, da rediyo guda da tabarma. Shekarar da ta biyo ruwa ya ƙi. Gero ya fito ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, aka yi ta sayar da awaki a kan abin da bai kai tiya biyu ta hatsi ba. Kalla ya kwanta da tari, bai ga ƙarshen shekarar ba. Bayan sadakar arba'in Alƙasim ya bi wasu samari zuwa Libiya, ya bar Zaliha da cikin wata biyar. Garin ya koma na mata da tsofaffi da yara.

Cikin wannan hali furoje ya zo, aikin gyaran ƙasa da wasu Turawa suka kawo tare da ma'aikatan gwamnati. Tuddan Adar sun zama fako, in an yi ruwa sai ya zubo da gudu ya kwashe gonakin kwari. Aikin shi ne a jera duwatsu layi-layi a jikin tudu, a haƙa ramuka a dasa itace, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ladan kuwa abinci ne: dawa, mai, madarar gari, wani lokaci kifin gwangwani. Tun da maza ba su nan, mata suka yi aikin. Zaliha ta haifi ɗanta Halidu, ta yi wankan jego, ta goya shi ta hau tudu. Da safe sai ka ga layin mata ɗari biyu, kowace da gammo da dutse a ka, ƙafa ba takalmi, tafin hannu ya tsage. Gwaggo Cima ma tana ciki, tana zagin dutse tana zagin mazan da suka gudu, matan na dariya.

Wata rana aka ja musu layin da za su jera dutse, Zaliha ta tsaya ta dube shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta ga tsakiyarsa ya faɗa ƙasa. In ruwa ya zo, nan zai taru ya fasa, aikin mako biyu ya tafi. Ta ajiye dutsenta ta je wurin shugaban aikin, wanda ake ce wa Mushe Bala irin kiran Faransanci, wani gajeren mutum mai furfura, ta faɗa masa da Faransanci. Ya ɗaga kai daga takardunsa ya dubi mai maganar: mace da goyo, zane ya yi ja da ƙasa. Ya sa aka sake awo, aka ga gaskiyarta. Ya tambaye ta inda ta tsaya a karatu, ta ce ajin ƙarshe na lise. 

Washegari ya ba ta tiyon ruwa da ake daidaita layi da shi. Bayan wata uku ya koya mata na'urar awo mai ƙafa uku, ba ta yi mako ba ta iya. Shekara biyu ita ke jan layi a tuddan da ke tsakanin Tamaske da Keita, tana lissafin gangare a bayan kwalin madara. Layinta bai taɓa fashewa ba. Sai dai a takarda ita lebura ce kamar kowa, rabonta na abinci ya ɗan fi na sauran da gwangwanin mai guda.

A 1986 wani Bature injiniya, wanda matan ke kira Dogo, ya samo gurbin karatu na shekara uku a wata makaranta a Wagadugu, inda ake horar da masu aikin ruwa da ƙasa. Shi da Mushe Bala ba su yi shawara mai tsawo ba, Zaliha suke so. Aka kira ta ofis a Keita, aka ba ta kujera, Dogo ya shimfiɗa takardar cikewa yana murna. Suka bi layi-layi har suka kai inda aka ce a haɗa da kwafin bak.

Ta ce ba ta da shi.

Dogo ya ce ai ta yi ajin ƙarshe, kuma shi da kansa zai rubuta shaida cewa ta fi masu takardar iya aiki. Ya rubuta, shafi biyu. Amsa ta dawo cikin wata guda, gajeriya: ba a karɓar kowa sai da bak. Gurbin ya tafi ga Almu, wani saurayi ɗan garin Buza da ya zo furoje da bak ɗinsa wata shida kafin nan, wanda Zaliha ce ta nuna masa yadda ake kafa ƙafafun na'ura a kan gangare. Almu ya hau tudu ya yi mata sallama, ya kasa haɗa ido da ita. Ta yi masa addu'a, ta koma kan awonta. Sai da la'asar, suna saukowa, ta ce wa Gwaggo Cima za ta sake zana bak.

Akwai hanyar da wanda ba ya lakwal zai rubuta sunansa ya zana da kansa. Ta buɗe akwatin littattafanta, ta tarar gara ta ci rabi. Mushe Bala ya aro mata wasu daga Tawa. Lokacin karatunta shi ne tsakar rana, in an tashi hutu: sauran mata su kwanta a inuwar kamyo, ita ta jingina da taya da littafi a cinya, Halidu na wasa da tsakuwa kusa da ita. Shekara bakwai ta raba ta da aji, an kuma canja abubuwa da yawa cikin karatun, akwai babi-babi da ba ta taɓa jin sunansu ba kuma ba mai yi mata bayani. A Yunin 1987 ta zauna cikin yaran da ta girme da kusan shekara goma, ta faɗi. Gari ya ji. Wasu suka ce ai dama, macen da mijinta ke Libiya ba labari, maimakon ta kama ƴaƴanta sai bin takarda. Gwaggo Cima ta bi masu maganar gida-gida ta wanke su, amma da ta dawo ita ma ta ce wa Zaliha ta yi haƙuri haka nan, abin da ya wuce ya wuce. Zaliha ta sake rubuta sunanta.

A Yunin 1988 ƙyanda na yawo a unguwarsu. Ranar da za ta tafi Tawa jikin Halidu da ɗan zafi, idonsa ya yi ja, amma ya sha kunu, har ya bi ta zuwa ƙofar gida yana cewa ta sayo masa alewa. Shekararsa uku da wata biyu. Gwaggo Cima ta ce ta tafi, ƙyanda ce, kowane yaro na yi.

Jarabawar kwana huɗu ce, daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar Talata da ta fito daga ɗakin jarabawa ta tarar da wani direban kamyon albasa na jiran ta. Ya ce Cima ta aiko shi: ƙurajen sun fito sun koma, yaron na numfashi da ƙyar, an kai shi gidan likita. Ya ce shi da la'asar zai juya, in za ta bi shi akwai wuri a gaba.

Ta bi shi har tasha. Ta tsaya kusa da kamyon ana ɗaura kaya, ƙunshinta a hannu. Ta tambaye shi ko da idonsa ya ga yaron, ya ce a'a, saƙo dai aka ba shi. Ta tambaya ko majo, ma'aikacin gidan likitan, ya yi masa allura, ya ce bai sani ba. Gobe Laraba ce ranar lissafi, inda makinta yake, kuma ta san kwana biyun da suka wuce ta yi abin kirki. Ta gaya wa kanta cewa yaron na hannun likita, ko ta je ba abin da za ta ƙara. Ta gaya wa kanta sau ɗaya ta taɓa sauke ƙunshi a tasha, ga inda ya kai ta. Direba ya tada mota, ya leƙo ta taga. Ta ce masa ya gaya wa gwaggo tana nan tafe ranar Alhamis da an tashi.

Alhamis ba ta samu mota ba sai Juma'a da safe. Tun daga bakin unguwa ta ga tabarmi a ƙofar gida. An binne Halidu ranar Alhamis da hantsi, lokacin tana rubuta jarabawar tarihi. Hasana ce ta fara ganin ta, ta taho ta kama hannunta ta ɗora a ƙirjinta, tana nuna mata da yatsu yadda numfashin yaron ya yi ta raguwa. Gwaggo Cima ba ta zage ta ba, kuma wannan ya fi mata zafi. Abin da ta ce kawai: «Ya yi ta kiran ki ranar Laraba. Na ce mishi kina hanya.»

Cikin Yuli aka karanta sunayen waɗanda suka ci a rediyo. Maƙwabta suka ji an ce Zaliha Kalla, suka shigo gidan suka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta san ko guɗa za ta yi ko gaisuwa. Zaliha na tsakar gida tana surfe. Ta ce ta gode, ta ci gaba da surfenta.

Duk da haka ta bi takardar har ƙarshe, don ta ce in ta tsaya nan to yaron ya tafi a banza. Ta je ofis a Keita, aka ce Dogo ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu, gurbin Wagadugu kuma sau ɗaya aka bayar. A Oktoba ta hau mota zuwa Yamai, karo na farko a rayuwarta, da dosiye cikin leda. Kwana tara tana yawo daga wannan taga zuwa waccan. A ƙarshe wata ma'aikaciya mai kirki ta zaunar da ita ta warware mata zancen: jami'a za ta karɓe ta, amma tallafin karatu da ɗakin kwana na waɗanda ba su wuce ƙa'idar shekaru ba ne, ita kuwa ta wuce da shekara uku. In tana da mai ɗaukar nauyinta shekara huɗu a Yamai, bismilla. Matar ta ƙara da cewa ko waɗanda suka gama jami'ar bana suna nan zaune gida, gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata kamar da. Zaliha ta tuna Fatsima da Hasana da gwaggonta da ciwon gwiwa ya fara ci, da rumbun da bai kai rabi ba. Ta karɓi dosiyenta ta koma tasha.

Ta koma tudu. Mushe Bala ya yi ta rubuce-rubuce don a ba ta matsayi, abin da ya samu shi ne aka mai da ita shugabar ƙungiyar mata masu aiki, da ɗan kuɗi a ƙarshen wata maimakon abinci kawai. A 1989 Almu ya dawo da takardarsa, aka ba shi babur da ofis, ya zama shi ke sa hannu a kan awon da take yi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, yana ce mata yaya, kuma in lissafi ya rikice masa wurinta yake zuwa. A tuddan da suka fara yi wa aiki itatuwa sun kai tsayin mutum, ciyawa ta fito inda da ba ko tsinke, wasu gonakin kwari da aka bari an koma shuka su.

A wannan damina wata maƙwabciyarta, Mairamu, ta same ta da shawara. Ɗanta ya samu birbe, an ba shi wuri a lise, kawunsa kuma na son ya tafi da shi Abijan inda yake da shago. Ta ce ita ba ta san komai ba game da lakwal, Zaliha ce ta sani, ta gaya mata gaskiya ko bak ɗin nan na da amfani. Zaliha ta amsa tana tsince wake.

«Ranar da ba ni da shi, shi aka tambaye ni. Ranar da na kawo shi, ba wanda ya tambaya. Ban san mi zan ce miki ba, Mairamu. In za shi shiga, shi gama a lokacinsa, kome ya faru gida kada ku kira shi. In kun san za ku kira shi, ku bar shi ya bi kawunsa tun yanzu.»

Mairamu ta ce wace uwa ce za ta iya alkawarin ba za ta kira ɗanta ba. Zaliha ta ce ita ma abin da ta gani ke nan. Yaron ya bi kawunsa bayan sallar layya.

Alƙasim ya dawo ana cikin girbi, bayan shekara biyar. Ya rame, haƙoransa biyu sun fita, ya ce shekara ɗaya da rabi ya yi a tsare saboda rashin takardun zama. Ya zo da atamfa biyu da ƴar riga ta yaro wadda ya saya da ƙiyasi, don wasiƙar da ta ba shi labarin haihuwar ta same shi, ta rasuwar ba ta same shi ba. A tasha aka gaya masa. Kafin ya kwana uku a gari kuma an gaya masa sauran, har da ƙari.

Bai tada zancen ba sai ranar da suka je ɗaukar dawa a gonar kwari, su biyu, suka zauna cin abinci a gindin gawo. Ya ce ya ji magana iri-iri, yana so ya ji daga bakinta, ko gaskiya ne saƙo ya same ta. Tana iya cewa direban bai faɗa mata tsananin abin ba, ba kuma wanda zai ƙaryata ta. Ta ce saƙo ya same ta ranar Talata, da mota a gabanta, ta zauna. Ta faɗa masa duka, har da abin da ta riƙa gaya wa kanta a tasha.

Alƙasim ya murza zangarniyar dawa a tafin hannunsa.

«Ke kwana huɗu kika yi,» in ji shi. «Ni ko fuskarsa ban sani ba.»

Ya tambaye ta kamannin yaron. Ta ce goshinsa irin na Kalla ne, yana da son kifin gwangwani, kuma in ya ga kamyo sai ya ɗaga hannu biyu. Suka tashi suka ɗaure dammunan.

Dawar bana ba za ta kai su watan bakwai ba, su duka sun sani. Da sanyi ya shigo Alƙasim ya sake ɗaure jakarsa, wannan karon zuwa Abijan. Zaliha ta raka shi tasha da safe, daga nan ta wuce inda kamyon furoje ke jiran mata, don ranar za su fara sabon tudu a arewacin gari kuma ba a ja layi ko ɗaya ba tukuna.